Duban Haƙoran Mota a Sassumbrum

Wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ya san abin da gogaggen mai saye yake fara yi idan ya tsaya gaban sa. Yakan bar dillali ya yi ta zuba, shi kuwa ya kama leɓen dabbar ya ɗaga, ya dubi haƙora. Ƙiba tana iya zama ta dusa da kanwa ta sati biyu, sheƙin gashi yana iya zama na wanki, amma haƙori ba ya ɓoye shekara. Na daɗe ina zaton hikimar nan a kan dabba ta tsaya, sai ranar da na raka yayana wurin wani dattijon makanike a Sassumbrum, na ga ashe mota ma tana da haƙoran da ake dubawa, kuma duban nasu ya fi na sa wuya.

Motar da Yaya yake so Opel Astra ce mai dogon baya, ƙirar tsakiyar shekarun 1990. Ta ci ƙuruciyarta a Jamus, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta yi hannu biyu ko uku a Damagaram kafin ta iso mana. Nufinsa ya riƙa ɗaukar fasinja da buhunan wake da riɗi tsakanin Sassumbrum da Magaria, ranar da kasuwa ta kira ya zarce Dungass. Mitarta tana nuna kilomita 287,000 da 'yan kai. Fenti lafiya, taya da sauran rai, injin yana tashi bugu ɗaya. Dillalin motar ya yi ta maimaita wannan bugu ɗayan kamar shi ne dukan addini.

Garejin ba shi da rufi sai inuwar wani babban gawo, wanda Allah ya yi shi da ganye a rani lokacin da aka fi bukatarsa. Gefe guda akwai benci, ga tukunyar shayi, ga mutum huɗu da kullum nan suke wuni. Tun kafin a kashe motar sun riga sun yanke hukunci daga inda suke zaune. Ɗaya ya ce sautinta kaɗai ya isa shaida, wani ya ce Opel ba ta mutuwa. Maigidan garejin bai ce uffan ba. Ya zagaya ta gaban gilashi, ya leƙa mita, ya rubuta lambobi uku na ƙarshe da yatsa a kan ƙurar bonet, sannan ya ce da Yaya, "Alhaji, ku je bakin gari ku dawo, ina so ta ɗauki zafi."

Kafin su dawo na tambaye shi abin da zai duba. Ya ce bel. Na nuna masa wanda na sani a wata mota da ke buɗe, wanda ke juya dinamo. Ya girgiza kai ya ce wannan fanbel ne, idan ya tsinke batir ne zai daina caji, a tsaya a ɗaura wani a wuce. Wanda yake nufi yana ɓoye bayan murfin roba a gefen injin. Mutanen tsallaken iyaka suna ce masa taimin bel. Waɗanda suka koyi aiki da Faransanci kuwa, sunan da suke kiransa da shi idan ya fito daga baki sai ka ji kamar an ce "kurwa". Ban ga laifin kunnen da ya ji haka ba.

Ga yadda ya bayyana mini aikinsa, yana zane a ƙasa da sukundireba. A ƙasan injin akwai sanda mai gwiwa-gwiwa da ake kira karanshaf, ita fistan suke turawa ta juya. A sama akwai kamshaf, sanda mai tozo-tozo, kowane tozo yana danna bawul ɗinsa. Bawul ƙofa ce ƙarama mai kamar ƙusa mai faɗin kai: wasu suna buɗewa iska da mai su shiga, wasu suna buɗewa hayaƙi ya fita. Dole sandar ƙasa ta juya sau biyu, ta sama ta juya sau ɗaya, ba ƙari ba ragi, kuma bel ɗin nan mai haƙora shi ne igiyar da ke riƙe da wannan alkawari. Idan injin yana gudun juyi 3,000 a minti, karanshaf tana juyawa sau 50 a daƙiƙa guda, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25. Astra irin wannan bawul 16 gare ta.

Da ya ga lissafin ya yi mini yawa, sai ya ce, "Malam, ka san lugude?" Mata biyu a kan turmi ɗaya, taɓaryar wannan tana sauka ta waccan tana tashi. Rami ɗaya suke daka, lokaci ne kawai ya raba su. Haka fistan da bawul suke a yawancin injunan zamani: wurin da bawul yake leƙowa idan ya buɗe, nan fistan yake isowa idan ya hau. Ranar da bel ya tsinke, ko haƙoransa suka zube, sandar sama ta tsaya cik da wasu bawul a buɗe, ta ƙasa kuwa tana nan da gudunta. Taɓarya ta haɗu da taɓarya. Bawul su lanƙwashe, wani lokaci kan injin ya tsage, fistan ya huje. Direba ba ya jin komai sai mota ta mutu a hannunsa, idan ya murza makulli ya ji injin yana juyawa sakayau, da sauri, ba nauyi.

Shi ya sa tambayar farko a wurinsa ita ce wane irin injin ne, tun kafin a kai ga wane irin bel. Akwai motocin da babu bel ɗin sam, sarƙa ce a ciki tana wanka da baƙin mai, kamar tsohuwar Peugeot 504 mai fetur, ko Corolla da Camry na bayan shekarar 2002 masu silinda huɗu na fetur. Sarƙa takan yi ƙara ta yi gargaɗi kafin ta ba da kunya. Akwai masu bel amma an bar wa bawul sarari, irin Corolla ta shekarun 1990, wadda idan nata ya tsinke yawanci wahalar kwana a daji ce kawai. Sai masu lugude na gaske: Peugeot 406, da Honda masu bel, da injunan gas masu bel na Hilux da Hiace, da wannan Astra tamu. A kansu ba a wasa. Bel ɗin roba mai haƙora ba tsohon abu ba ne a tarihin mota; wata ƙaramar motar Jamus mai suna Glas ce ta fara fitowa kasuwa da shi a 1962, kamfanoni suka bi saboda ba shi da nauyi, ba ya ƙara, ba ya son mai, ga araha. Kuɗin wannan arahar shi ne dole wani ya riƙa tuna ranar canza shi.

Su Yaya suka dawo. Maigida ya leƙa mita, ya dubi rubutunsa na kan ƙura. Lambobin nan uku suna nan yadda suke, ko gezau. Mitar ta mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Bai ɗaga murya ba, ya dai nuna wa Yaya da haɓa. Sannan ya sunkuya ya dubi robar feda, wadda ta suɗe har ƙarfe ya fito a gefe, ya shafa sitiyari inda tafin hannu ya goge shi ya zama santsi, ya danna kujerar direba da ta lotsa. Waɗannan su ne mitar da ba a iya mayarwa baya. Ya ƙara mini da cewa ko mita mai rai ma sai an san yaren da take ƙirge da shi, don motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil 100,000 ya haura kilomita 160,000.

Shaida ta biyu takarda ce. Ya sa yaronsa ya goge gefen murfin injin da tsumma mai ɗan fetur, sai ga wata 'yar takarda manne, ta yi baƙi. Makanikan Turai sukan manna irinta idan sun canza bel, su rubuta rana da kilomita. Maigida bai yi boko mai nisa ba, amma ya haddace kamannin kalmar Jamusanci ta wannan bel, Zahnriemen, kamar yadda ake gane fuskar mutum. A ƙarƙashinta an rubuta shekarar 2016 da kilomita 231,000. Dillali ya yi wuf ya yi lissafi: 56,000 ke nan, alhali ƙa'idar Opel ga waɗannan injuna masu bawul 16 kilomita 60,000 ce, ai da saura. Maigida ya ce masa ƙa'idar ƙafa biyu gare ta, kilomita 60,000 ko shekara 4, duk wadda ta riga zuwa. Ya fara ƙirga shekarun da yatsu, hannu ɗaya bai isa ba. Roba tana tsufa ko da mota tana ajiye a rumfa.

A nan ya faɗi wata magana da ba a littafin kowane kamfani take ba, amma duk wanda ya san hanyoyinmu zai gane ta. Wanda ya tsara ƙa'idar kilomita yana tunanin mota a kan kwalta da giya ta biyar. Tamu kuwa rabin ranta a giya ta ɗaya da ta biyu take, tana haƙa cikin rairayi da lodi har saman rufi, injin yana kuka taya tana tafiyar hawainiya. Sauran rabin tana tsaye a tasha da injin a kunne ana jiran cikon fasinja. Bel yana ta zagaye, mita tana barci. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin bonet. Ga ƙurar hunturu mai shiga ko'ina kamar gari. Don haka shi a lissafinsa, kilomitar Sassumbrum ta fi ta Jamus tsawo.

Sai aka zo ga kunne. Ya sa aka tayar da injin, ya ɗauki doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfe kusa da murfin, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido. Ya matsa da ita taki ɗaya, ya sake saurare. Bel ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai 'yan gare-gare masu boris a ciki da suke bi da shi hanya, akwai wanda ke ɗame shi kada ya saki, kuma a wannan injin shi ne yake juya famfon ruwa. Kowannensu ya cije, bel ne zai biya. Ya miƙo mini ƙotar ya ce in ji. Ni dai guguwa kawai na ji. Ya ce in bar babban sautin, in nemi ƙaramin da ke ƙarƙashinsa. Can na tsinkayi wani siririn shuu, kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Ya ce boris ne da maikonsa ya bushe. Bel da aka ɗame fiye da kima kuwa kuka yake kamar iska a kafar taga, wanda ya saki yakan riƙa marin murfi.

Aka kashe injin, aka jira ya huce, aka sha shayi zagaye ɗaya. Mutanen benci sun koma gardamar kokawa, sun manta da motar. Maigida ya cire kan batir, ya kwance akwatin iska, ya zo kan notunan murfi. Kafin ya sa sifana sai da ya haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya kansa ya cinye, alamar an taɓa kwance shi da makullin da ba nasa ba. Da murfin ya fita, sai ga ɗigon farin fenti a kan kowace gare mai haƙora ta kamshaf. Ya ce wannan ba hannun Bature ba ne, hannun namu ne: wani ya shiga nan bayan takardar 2016. Dillali ya washe baki. To ai shi ke nan, an canza.

Maigida ya ce an dai taɓa. Ya ji daɗin abu ɗaya, murfin yana nan cikakke. Sau da yawa yakan buɗe bonet ya tarar wani mai gaggawa ya jefar da murfi don kada ya sha wahalar mayar da noti, ya bar bel tsirara yashi yana cinsa.

Yanzu aka zo ga duban haƙora na ainihi, kuma nan ne ya fi daɗewa. Ya cire fulogi don injin ya yi sauƙin juyawa, ya sa aka ɗaga gaban motar da jak aka cire taya, yaron ya shiga ƙasa da makulli a kan babban notin karanshaf. "Kai, a hankali, yadda agogo yake tafiya. Kada ka koma baya." Yaron yana juyawa kaɗan-kaɗan, bel yana wucewa gaban tocila kamar ana jan carbi. Maigida ya ɗiga alli a wuri ɗaya don ya san inda ya fara. Ya fara da bayan bel: sabon bel baƙi ne mai dishi-dishi, da sunan kamfani a rubuce, Gates ko Continental ko Dayco. Wannan rubutun ya goge sarai, bayan ya yi ƙyalli kamar goshin da aka shafa wa mai. Ya dubi gefuna ko zare ya fara fita, don a cikin robar akwai zaruruwan gilashi, su ne ƙarfinta. Gefe lafiya. Sannan ya karkatar da hasken ya bi gindin haƙora inda bel ya lanƙwasa a kan gare, nan ne tsaga take buɗe baki idan akwai ta. Ya tsayar da yaron sau uku. Sau na uku ya kira Yaya ya nuna masa wasu layuka sirara kamar faso a diddige.

Ya shafa yatsa a ƙarƙashin garen kamshaf, ya fito da shi da danshin baƙin mai. Robar da ke tare mai a bakin sandar ta fara yoyo, mai kuwa yana jiƙa bel ya sa shi laushi har haƙora su riƙa barin jiki. A ƙasan famfon ruwa ya nuna wani farin busasshen sawu kamar na kanwa, inda ruwan lagireto ya riƙa tsattsafowa yana bushewa. Ya dubi ɗan harshen ƙarfe da ke jikin abin ɗamewa, wanda ya kamata ya tsaya daidai da tsagarsa, ya tarar ya kauce. Labarin ya fito: wanda ya shiga nan a baya bel kaɗai ya canza, ya bar gare-garen da famfo na tun Jamus. Sabuwar riga a kan tsohon wando, ita ma rigar yanzu ta tsufa.

Na tambaye shi, da a ce bai ga tsaga ko mai ba fa, da zai ce a bar shi? Ya ce a'a, kuma wannan ne abin da na fi riƙewa daga ranar. Ido yana iya kama bel da laifi, amma ba ya iya wanke shi. Zaren ciki yana gajiya ba tare da ya nuna a fuska ba, ya sha ganin bel mai kyan gani da haƙora goma suka zube masa lokaci guda da safe wajen tayarwa. A nan gani bai kori ji ba. Abin da ke wanke bel shaida ce tabbatacciya ta rana da kilomita daga bakin da aka yarda da shi. Ko fitilar nan ta T-BELT da ke kamawa a Hilux da Hiace masu gas ba ganin bel take ba, kilomita kawai take ƙirgawa, a tsofaffi 100,000 a na baya 150,000, kuma ana iya kashe ta ba tare da an taɓa komai ba. Idan babu shaida, injin kuma mai lugude ne, hukuncinsa ɗaya ne ko da bel ɗin yana sheƙi.

Ya juya ga Yaya. "Alhaji, motar ba ta da laifi, saye za ka yi. Amma kada ta ɗauki ko buhu ɗaya sai an canza bel da gare-garensa da famfo da robar mai, gaba ɗaya. Yau kuɗin ɗan akuya ne. Idan ta yanke maka tsakanin nan da Dungass, kuɗin sa ne, ban da na jan mota." Yaya ya sa aka cire kuɗin ɗan akuyan daga farashi. Dillali ya yi rantsuwa biyu, ya sallama.

Kayan sai da aka aika Damagaram, da sharaɗin idan ba a samu na kirki ba a nemo daga Ƙofar Ruwa a Kano. Da suka iso bayan kwana uku ya juya kwalin, ya duba rubutu, ya ƙirga haƙoran sabon ya gwada da na tsohon. Ya hana yaron naɗe shi ko karya shi biyu, don zaren gilashi idan ya karye a ciki ba ya nunawa. Bai yarda da farin fentin wancan ba, ya nemo alamomin da kamfani ya sassaƙa a jikin ƙarfe, ya daidaita na ƙasa da na sama. Ya ɗora bel yana bin kibiyar da ke bayansa, ya ɗame har ɗan harshen ya zauna a tsagarsa, sannan ya juya injin da hannu zagaye biyu cur, yana jin ko wani abu zai tokare. Alamomi suka dawo inda suke. Haƙori ɗaya aka kuskure, mota za ta rasa ƙarfi ta riƙa shan mai. Aka kuskure da yawa, an yi da hannu abin da ake gudu. Ya sake zagaye biyu, don kansa.

Da injin ya tashi, siririn shuu ɗin nan babu shi. Maigida ya ɗauki tsohon bel ya juya cikinsa waje, ya lanƙwasa a gaban Yaya, ya tura haƙori ɗaya da babban yatsa. Haƙorin ya ɓalle ya faɗi cikin yashi kamar ƙwayar wake. Ɗaya daga mutanen benci ya taso ya leƙa, ya ce ai shi tun ranar farko ya ji a sautinta.

Maigida ya tsoma tsinke a gwangwanin farin fenti, ya rubuta wata da shekara a jikin murfin, manya-manya. Wurin kilomita ya bar shi fili, ya ce da Yaya ya kawo ta ranar Asabar a gyara mitar tukuna.